Rigunan Kwanar Wanki

Ranar nan ina zaune a benci a ƙofar gidanmu a unguwar Waziriyya, nan ƙasa mai tsarki, Anas ɗan ƙanwata da abokansa suna kallon tseren babura a waya, sai na ji ɗayansu ya tambaya wai wane irin aiki ni, Ammu Bakur, na yi a filin tsere. Anas bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Mai ban ruwa ne. Yana zuba moya a ƙasa, halas." Suka yi dariya, ni ma na taya su, don ba ƙarya ya yi ba. Ruwa na zuba a ƙasa shekara da shekaru. Amma tunda kun ɗauka wasan yara ne, ku kife wayoyin nan ku saurara, wanda Hausarsa ba ta nuna ba ya tambayi na kusa da shi.

Filin da nake magana yana bayan gari ne, ta hanyar Usfan, inda gidaje suka ƙare duwatsu suka fara. Ba kwalta ba ce. Jar ƙasa ce aka zagaye kamar ƙwai, aka kewaye ta da katako, aka ɗora waya a saman katakon. Baburan da ke gudu a kai, dabbab kamar yadda muke cewa a nan, ba irin na masu kai abinci gida-gida ba ne. Ba su da birki. Ku sake ji da kyau, ba birki, ba canjin giya, ba madubi. Mutum huɗu ke tashi tare, in sun iso kwana ba mai taka komai, sai dai ya kwantar da babur, ya jefa tayar baya waje, ya sa ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe a ƙasa, ya bi kwanar a karkace yana feshin ƙasa. Abin da ke hana shi zuwa ya rungumi katako, ƙasar nan ce, ita kuma ƙasar ruwa ke riƙe ta. In ta bushe sai ta koma gari, taya ta zame, ƙura ta rufe idon na baya. In ta sha ruwa da yawa sai ta cafke tayar farat ɗaya, babur ya miƙe tsaye ya yar da mai shi. Aikina shi ne in ajiye ta a tsakanin waɗannan biyun daga la'asar zuwa magariba, duk ranar Juma'a a lokacin sanyi.

Kafin nan direban wayit ne ni, wato tankar ruwa, ina kai wa gidajen bene ruwa a Bani Malik da Sharafiyya. Wata rana wani dattijo ya tare ni ya ce in kai masa tanki ɗaya bayan gari. Mu'allim Sale ke nan, mai kula da ƙasar filin tsere, ɗan gajere, baƙi wuluk, irin tsofaffin nan da iyayensu suka zo aikin Hajji da ƙafa suka zauna. Da muka isa, ban ko kashe mota ba ya hau bayan tanki, ya buɗe murfi, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya kurɓa, ya tofar.

"Daga ina ka ɗebo wannan?"

Na faɗa masa rijiyar.

"Koma da shi. Da gishiri."

Na ce, "Ya Mu'allim, ai ƙasa za a ba wa, ba mutum ba."

Ya dube ni tun daga takalmi har hula ya ce, "Shi ya sa."

Sai daga baya na gane. Ruwa mai gishiri in rana ta buge shi yana yi wa ƙasa farin ɓawo a sama, ka gan ta tsaf kamar an daɓe, alhali ƙarƙashinta rugu-rugu take. Na koma na ɗebo mai daɗi, ya sake kurɓa, wannan karon ya haɗiye. Daga ranar ban sake rabuwa da shi ba sai da muka kai shi makabarta.

Abu na farko da ya koya mini shi ne tuƙi, ni da nake ganin na gama sanin mota. Duk direba in ya iso kwana yana rage gudu, ƙafarsa ce ke yi ba da shawararsa ba. To a bayan wayit ɗinmu akwai dogon bututu mai huji-huji da ruwa ke zuba ta ciki, in ka rage gudu ruwan ya taru a wuri ɗaya, kuma a daidai wurin da bai kamata ba. Sai da na yi makonni ina zagaya filin nan da tanki babu komai a ciki, shi yana gefena da kofin shayi a kan gwiwa. In shayin ya motsa sai ya ce, "Yalla, sake." Ban taɓa jin haushin shayi kamar lokacin ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Ban da wayit, akwai wata tsohuwar ƙofar ƙarfe da muka ɗaure wa tayoyi don ta yi nauyi, muna jan ta a baya tana baje ƙasa. Akwai manjagara, da shebur, da wani dogon sukudireba da Mu'allim ke soka wa ƙasa ya ga iya inda danshi ya kai. Sai kuma diddige. Takalmi ba ya shiga filin Mu'allim Sale. Za ka tuɓe, ka bi kwana a hankali, ka buga diddige ka murza, ka ji ko ta amsa. Babban ruwa tun ranar Alhamis ake ba ta, ya kwana ya nutse ciki. Na Juma'a shafawa ce kawai. Sannan ka riƙa sauraron iska. In ta teku ce mai laima, wadda ke sa riga ta manne a baya, ƙasa na riƙe ruwanta, kana iya zama ka sha shayi. In ta arewa ce busasshiya, tana lashe maka aikinka kana kallo.

Amma duk wannan kafin a fara tsere ne. Da an saki babura, ba mai sake taka filin da ƙafa sai a ɗan tsakani, kuma ƙasa canzawa take yi bayan kowane zagaye. To ta yaya mai ban ruwa zai san halin da take ciki yana zaune a cikin mota a tsakiyar fili? Nan ne 'yan kallo suka shigo cikin sana'ar.

A kwanar da ke ɓangaren kudu akwai wani ɗan tudu dab da katako. Duk ƙasar da tayoyin baya suka feso, a kan wanda ya tsaya nan take sauka. Mai hankali ba zai tsaya a wurin ba, amma nan ne wurin ya fi cika. Mutanenmu ne yawanci, na Waziriyya da Bani Malik, masu gadi, masu fenti, direbobi, da 'yan Yaman da 'yan Sudan da suka saba da mu. Daga masallacin Juma'a suke wucewa gida su ci abinci su taho, kowa da farar jallabiyarsa, tob, wadda ya yi salla da ita. Ana ce wa wurin Kwanar Wanki, don ba mai barinsa bai nemi mai wanki ba. Kuɗin shiga kuwa, wani bokiti ne a bakin ƙofa, abin da ba zai wuce na shayi da gurasa ba, wanda ba shi da shi ya yi sallama ya wuce.

Ranar da Mu'allim ya fara barina a kan sitiyari lokacin tsere, ina ta leƙen ƙasa ta taga, sai ya kama haɓata ya juya ta wajen tudun.

"Bar kallon ƙasa. Dubi rigunan mutane."

Na duba. Ya ce in ka ga ƙura ta bi rigunan kamar garin fulawa, mutum ya kakkaɓe ta tashi, ƙasa ta bushe, shiga da ruwa. In ka ga manyan dunƙule kamar an jefe su da tuwo, ka cika ruwa, sai a ja ƙofar ƙarfe. In kuwa ka ga ɗige-ɗige ƙanana kamar ƙwayar gero, sun manne ba sa faɗuwa, to ka gode wa Allah ka naɗe hannu. Daga nesa farin tufa ba ya ɓoye komai. Su kansu mutanen sun san aikin da suke yi. In ta bushe sai ka ga sun kama gaban rigunansu suna kaɗawa suna kiran "Moya, ya Bakur, moya." Wato ni da su muke ban ruwan, ni ke riƙe da famfo kawai.

Shugabansu, ba tare da an naɗa shi ba, shi ne Idrisu mai wanki, wanda ake kira Abu Mansur. Yana da shagon wanki da guga a Bani Malik, kuma rabin rigunan kwanar nan a hannunsa suke ƙarewa, har ana tsokanarsa wai shi ya ƙirƙiro al'adar don ya samu ciniki. Dogo ne, mai faɗa, ba a taɓa jin ya yaba wa kowa ba. Rigarsa ta fi ta kowa haske, da ɗan shuɗi-shuɗin bula, da karin guga da zai iya yanka albasa. A gaba yake tsayawa, ya sha feshin da ya fi na kowa. Amma a cikin motar da yake rarraba wanki kullum akwai wata rigar a leda. Da an tashi sai ya canza kafin ya shiga unguwa, ya ce mai wankin da aka gani da tabo ya gama sana'a. Tun da na san shi, ba wanda ya taɓa ganinsa da ko ɗigo a Bani Malik.

Wata Juma'a Mu'allim ya karɓi mota ya ce in je in tsaya tare da su, wai wanda bai sha ƙasar ba bai san abin da yake dafawa ba. Yara, ban san yadda zan ba ku labarin nan ba. Ƙarar ba a kunne kake jin ta ba, a ƙirji kake ji. Ka hango su huɗu sun nufo ka kai tsaye, zuciyarka ta gama yanke cewa a kanka za su ƙare, sai kawai ka ga duka sun kwanta gefe a tare, gwiwa kusa da gwiwa, ba mai birki ko ɗaya, suka wuce ka a karkace, ƙasa mai sanyi ta watso maka a fuska da ƙanshin ruwan da kai ka zuba da hannunka. Na tsaya baki buɗe har ƙasa ta shiga. Na yi tasbihi, don ban ga abin da ke riƙe su ba sai ikon Allah.

Shekaru suka tafi, Mu'allim ya rasu, filin ya dawo hannuna. A lokacin ne Mansur ɗan Idrisu ya fara hawa. Makanike ne, shiru-shiru, ba ya kama da uban ta wajen baki. Mahaya yawanci ciki suke bi, kusa da farin layi, don hanyar ta fi gajarta. Shi Mansur waje yake bi, dab da katako, inda sako-sakon ƙasa ke taruwa. Hanya ce mai tsawo, amma in ƙasar ta yi daidai tana tura mutum kamar an harba shi. In ba ta yi daidai ba, tsakaninka da katako taki ɗaya ne. Kuma nan ne ke fara bushewa. Feshin sauran mahaya a tumbin riga ko ƙirji yake tsayawa. Na Mansur kaɗai ke wuce aljihun gaba ya kai wuya. Uban bai taɓa ce masa sannu ba, amma na sha ganinsa in an tashi yana shafa wuyan rigarsa da ɗan yatsa kafin ya cire ta.

Sai wasan ya yi suna, aka fara sa shi a waya, wani kamfani ya zo ya karɓi filin. Ba zan ce ba su yi komai ba. Sun kawo motar asibiti mai kyau, sun gyara banɗaki, sun saya mini sabon famfo. Amma da allo suka fara. Wani ƙaton allo a bakin hanya, da zanen filin wasan da suka ce za su gina a wurin: rufi kamar jirgin ruwa, kujeru masu sanyi, bishiyoyi, da wasu mutane suna yawo a cikin zanen waɗanda ba su yi kama da kowa da na sani ba. Aka ɗauke bokiti. Tikiti ya koma sai ta waya, kuma kuɗinsa ya kai cefanen gida na mako guda, ban da na ajiye mota. Aka kewaye filin duka da dogayen kwanon rufi yadda ba mai leƙe. Aka gina ɗakin gilashi a gefen miƙaƙƙiyar hanya don manyan baƙi. Kwanar Wanki kuwa aka ce ba a tsayawa nan, aka lulluɓe katakonta da wayarta da allunan talla ja da shuɗi.

A shagon Idrisu ake taruwa ana zagin abin. Ina tuna wata ranar Asabar da na kai wanki, na tarar da shi yana guga yana faɗa, tururi na tashi.

"Wai don a gina mana sitadiyam aka ƙara kuɗi. Tayyib. Mu biya yau, a gina gobe, jibi a ce kujerar ba tamu ba ce. Ya jama'a, wa ya ce musu muna son kujera? Wa ya ce muna son mukayyif ya hura mana sanyi? Mu da muke zuwa don a watsa mana ƙasa?"

Wani direba ya ce, "Ai sun ce in an gama za a yi wa talaka wuri."

"A cikin zanen ka ga mai kama da kai?"

Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Nan Idrisu ya rantse ba zai biya ko halala ɗaya ba. Mansur ya kawo masa katin iyalan mahaya, wanda zai shigar da shi ɗakin gilashi kyauta. Ya juya katin gaba da baya ya mayar masa. Ya ce, "In shiga in zauna a sanyi, mutanen da muka sha ƙasa tare suna waje? La, ya waladi. Riƙe abinka."

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba su daina zuwa ba. Duk Juma'a sai su zo su ajiye motoci a bayan kwanon nan ta wajen kudu, su shimfiɗa tabarma, su fito da filas ɗin shayi, cikin fararen rigunansu, su zauna suna sauraron ƙara. Ba sa ganin komai sai bayan kwano. Daga ƙarar suke gane wa ke gaba, har musu suke yi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. A ciki kujeru rabi babu kowa, waɗanda suka zo ɗin ma suna nesa. Ni kuma na zama makaho. Allon talla ja da shuɗi ba ya nuna ƙura, ba ya nuna laka. Na roƙi manajan filin, wani saurayi mai ladabi da ake kira Ustaz Fahad, ya bar ni in rataya farin ƙyalle a kwanar. Ya ce, "Wallahi ya Ammu da son raina ne da na bar ka, amma masu tallan sun biya kuɗin kowane taki na wurin." Na koma dogaro da diddige, sai kuma masu ɗaukar hoto suka matse lokaci, ana gama wannan tsere ana sakin wancan, ba damar in sauka in taka. Na riƙa ba da ruwa da ka, ina addu'a. Ana saura mako ɗaya a rufe filin, wani mahayi ɗan Yaman ya zame a kwanar ya karya kafaɗa. Da sauƙi, tunda ta ciki yake bi.

Juma'ar ƙarshe, wadda daga ita za a rufe filin a fara ginin da aka ce, iskar arewa ta tashi tun hantsi. Na ba ƙasa ruwa, kafin in zagayo ta shanye. Mansur yana cikin waɗanda za su hau, kuma na san ba zai bar hanyarsa ta katako ba don ranar ƙarshe ce. Ana dab da farawa na fita ta ƙofar baya don in cika tanki. Mutanen suna nan a kan tabarminsu. Idrisu ya taso ya zo tagar mota.

"Ya Bakur, yaya ƙasa?"

Na so in ce lafiya lau, bakina ya ƙi. Na ce, "Abu Mansur, wallahi ban sani ba. Yanzu tana da kyau. In an fara, ba ni da ido."

Ya dubi sama inda iska ke kaɗa tutocin kamfani, ya dubi kwanon da ya raba shi da filin. Sai na ga ya kai hannu wuya yana ɓalle maɓalli. Dattijo mai furfura, a bakin hanya, ya cire rigarsa ta ka, ya tsaya daga shi sai singileti da farin wando. Ya je motarsa ya ɗauko ƙugiyoyin rataye kaya, ya sa rigar a ɗaya, ya gyara mata kafaɗu, ya miƙo mini.

"Kai ta wurina."

Sai wani tsoho mai gadi ɗan Sudan ya miƙe ya cire tasa. Sai direban nan na shagon Idrisu. Kafin tankina ya cika, kujerar gefena ta cika da fararen riguna har rufi, wasu da ɗumin jikin masu su. Na waiwaya na ga dattawan unguwa a tsaye cikin singileti a iskar arewa, kowa ya rungume hannu, ba mai kallon ɗan'uwansa. Idrisu yana da rigarsa ta leda a mota, amma bai sa ba.

Na shiga, na tsaya a Kwanar Wanki, na hau katako na jera su a jikin waya suka sauko kan allunan talla, tasa a gaba inda ya saba tsayawa. Ban gama ba Ustaz Fahad ya iso da gudu.

"Ammu Bakur, esh hada? Me ke nan?"

"Ma'aunina ne, ya Ustaz."

"Za ka sa a kore mu ni da kai."

"Yau ai ranar ƙarshe ce."

Ya tsaya yana kallon rigunan. Iska ta shiga cikinsu ta cika su, suka yi ƙirji da tumbi, hannuwansu na motsi, sai ka rantse mutane ne a jere suna jiran a fara. Sannan ya ce, "Bayan tseren farko ka sauke su," ya juya. Bai sake dawowa ta wajen ba har aka tashi, ni kuma ban je neman sa ba.

Tseren farko ya wuce, na duba. Ƙura ce, ja-ja, iska na kakkaɓe ta. Da idona kaɗai da na ce ƙasar lafiya take. Ban jira izinin kowa ba na danna ham na shiga, masu hoto suna ɗaga mini hannu, na bi ta jikin katako na ba hanyar waje ruwa, gudu ɗaya ba ragi, kamar Mu'allim na gefena da shayinsa. Aka saki na biyu. Na duba, sai ga ƙwayar gero ta fara fitowa a kan fari. Na ce Alhamdu lillahi a fili. Haka muka yi yinin nan, rigunan na faɗa mini ina bi, sau da yawa iska ta so ta ƙwace mana amma ba ta samu ba.

Da Mansur ya fito zagayen gwaji, ya iso kwanar sai na ga ya sassauta, ya juya kai. Ba ɗan da ba zai gane gugar ubansa ba. Ya ɗaga hannun hagu ya taɓa hular kwanonsa, ya wuce. A tseren ƙarshe kuwa, abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na ga mahaya da yawa. Ya tashi a baya. Sauran ukun suka rufe ciki, shi ya buɗe waje, ya hau sako-sakon ƙasar nan da na jiƙa, ya kwantar da babur har na ce ya taɓa ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin rigunan dab da dab, suna kaɗawa a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa ta riƙe shi. Kowane zagaye sai ya ƙara matsawa jikin katako, ni kuma ina riƙe da sitiyarin motar da ke tsaye ina salati. Mansur na biyu ya zo, da tazarar da ba ta kai tsawon taya ba. Daga bayan kwano na ji dattawan nan sun ɗauki kabbara, su da ba su ga komai ba.

Filin an tone shi bayan nan. Ramin yana nan, allon ma yana nan, rana ta cinye zanen har mutanen ciki sun ɓace. Ni na koma kai ruwa gidajen bene har ƙafa ta gaza. Wannan ba shi ne abin da nake so ku riƙe ba.

Bayan sallar magariba na sauke rigunan na fita da su. Kowa ya zo yana neman tasa, ana dariya, ana gwada wa juna tabo. Idrisu ya karɓi tasa ya kai gaban fitilar motarsa, ya ɗaga ta da ƙugiyar, ya fara daga ƙasa kamar mai duba aikin wani.

"Da farko ta bushe maka," ya ce.

"Ta bushe."

"Sannan ka gyara. Nan kuma iska ta so ta dawo."

"Haka aka yi."

Yatsansa ya hau sama, ya wuce ciki, ya wuce aljihu, ya tsaya a wuya. Ɗige-ɗigen sun rufe wuyan rigar har bayan kafaɗa. A hannun rigar na dama kuma akwai wani baƙin layi, inda robar kan babur ta goga ta wuce. Ya daɗe yana kallon layin.

"Wannan nasa ne."

"Nasa ne, Abu Mansur."

"Har ya taɓa ni," ya ce a hankali.

Direban nan ya ɗauko masa rigar leda daga mota ya miƙa masa, ya ce ya sa kada sanyi ya kama shi. Idrisu ya ce a mayar. Ya zare ƙugiyar, ya zura rigar nan mai laka ta ka, ya ɓalla maɓallanta har wuya, ya shiga mota. Na bi shi a baya da wayit har Bani Malik. A ƙofar shagonsa ya ajiye mota, ya taka a ƙafa ta tsakiyar unguwa, masu shaguna suna leƙowa, ya shiga masallaci ya tsaya a sahun gaba na sallar isha'i da ita a jikinsa.